Gajeren Lemun Tsami: Daga Saman Benayen Alƙahira Zuwa Barandar Gidan Haya

'Yan uwa mazauna Kudu, na Sabo da na Agege, na Shagamu da Anaca da Fatakwal da sauran zangunanmu.

Yawancinmu a nan haya muke yi. Wani ɗaki ɗaya da baranda, wani ciki da falo a saman bene, tsakar gida kuma an shafe shi da siminti. Ko da akwai ɗan fili, ba naka ba ne, kuma da wuya mai gida ya yarda ka dasa bishiyar da saiwarta za ta tsaga masa gini. Duk da haka babu gidanmu da ba a neman lemun tsami. Da shi ake tsinka kunun gyaɗa idan babu tsamiya, a matsa a shayi, a wanke kifi da kayan ciki, mata su kwaɓa lalle, a haɗa da zuma idan mura ta kama mutum.

Shi ya sa tallar gajeren lemun tsami take jan hankalinmu a Facebook da WhatsApp. Za ka ga hoton bishiya ba ta wuce ƙugun mutum ba, tana cikin tukunya, ta yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Wasu dashe suke sayarwa, wasu kuma iri ne a 'yar leda, suna cewa cikin 'yan watanni za ka fara tsinka. Kafin ɗan uwa ya tura kuɗinsa, muka ga ya dace mu bi tarihin wannan bishiya daga farko. Tarihin ya nuna abu biyu. Na ɗaya, gajartar lemo aikin tukunya ne da aure da hannun mai shi, ba a sayar da ita a leda. Na biyu, duk inda mutane suka ɗauki dashe suka kai ba tare da lura ba, sun kai cuta tare da shi.

Asalinsa da sunansa

Mu Hausawa suna ɗaya muke kiran abu biyu. Akwai ƙaramin kore mai siririn ɓawo, wanda Yarbawa ke kira osan wewe, shi ne muka saba saye a kasuwa. Akwai kuma babba mai ruwan ɗorawa da ɗan tsini a ƙarshensa, wanda aka fi gani a manyan kantuna. Duka biyun lemun tsami muke cewa, amma iyayensu ba ɗaya ba ne gaba ɗaya.

Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Nature a 2018 ya nuna cewa dangin lemo sun samo asali ne daga gindin duwatsun Himalaya, wajen arewa maso gabashin Indiya, arewacin Bama da kudu maso yammacin ƙasar Sin. Kusan duk lemon da muke sha a yau barbarar 'yan kakanni kaɗan ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Larabawa ke kira utrujja, babban lemo mai kaurin ɓawo da ƙamshi, amma ruwansa kaɗan. Babban lemun tsami ya fito ne daga haɗuwar utrujja da lemo mai ɗaci. Ƙaramin namu kuma ya fito daga haɗuwar utrujja da wani lemun daji na tsibiran Filifin.

Utrujja ce ta fara yin yamma. An gano burbushin furenta a kufan wani lambun sarauta kusa da birnin Ƙudus, na ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Farisawa ke mulkin yankin. Larabawan zamanin Manzon Allah (SAW) sun san ta sosai, domin a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an kamanta mumini mai karatun Alƙur'ani da ita, saboda daɗin ƙamshinta da ɗanɗanonta. Lemun tsami kuwa, babba da ƙarami, da lemo mai ɗaci, sun fi bazuwa ne daga wajen ƙarni na 10, ta hannun manoma da fataken daular Musulunci, daga Farisa da Iraƙi zuwa Sham, Masar, Magrib, Sisili da Andalus. Sunan ma hanyar ya biyo. Kalmarmu ta lemo daga laimun na Larabci take, su kuma Larabawa daga Farisanci suka aro ta.

Lambun da ake ɗauka a kafaɗa

Labarin da ya fi kama da halinmu ya faru ne a Masar. A 1047 wani malami kuma matafiyi Bafarishe mai suna Nasir Khusraw ya isa Alƙahira, zamanin halifan Faɗimiyyawa Almustansir. Ya rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa mai suna Safarnama. Birnin ya cika maƙil, gidaje masu hawa da yawa, mafi yawan mutane 'yan haya ne, ƙasa ta yi tsada. Amma hakan bai hana su lambu ba.

Ya ba da labarin cewa akwai masu sana'ar renon itatuwa cikin manyan tukwane, suna jera su a saman gidaje, lemo da utrujja da rumman da fure iri iri. Duk wanda yake son lambu, ko da wane lokaci ne a shekara, sai ya je ya zaɓa. 'Yan dako su ɗaure tukunyar a jikin sanduna, su saɓa a kafaɗa su kai masa gida da 'ya'yanta a jiki. Ya kuma ce an ba shi labarin wani mutum a tsohon birnin Fusɗaɗ da ya yi lambu a saman bene mai hawa bakwai. Ya hau da ɗan maraƙi can sama, ya rene shi har ya zama sa, san yana juya masa na'urar jawo ruwa, ya dasa lemo da ayaba suka yi 'ya'ya.

Wannan kusan shekara 1,000 ke nan. Mutanen Alƙahira ba su da wani iri na musamman. Abin da suka gane shi ne, bishiya gwargwadon saiwarta take girma. Idan tukunya ta tsare saiwa, sama ma sai ya tsaya, kuma lemo na cikin itatuwan da ke jure wannan takura su ci gaba da fure.

A Masar ɗin dai, a ƙarni na 12, likitan Sarki Salahuddin Al'ayyubi mai suna Ibn Jumai' ya rubuta risala guda a kan lemun tsami da yadda ake sha da magani da shi. Zuwa 1331, da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Mogadishu, cikin abincin da aka kawo masa akwai lemun tsami da aka jiƙa ya tsumu. Ke nan ya riga ya zama kayan cefane a gabashin Afirka tun lokacin.

Sarakunan Turai da tsoron sanyi

Mutanen Alƙahira rashin fili ne ya sa su dasa a tukunya. Turawan arewa kuwa sanyi ne. Lemo ba ya jure ƙanƙara, dare ɗaya na tsananin sanyi ya isa ya ƙone shi. Wanda yake son sa a irin wannan ƙasa dole ya sa shi a abin da za a iya ɗauka a shigar ɗaki.

A Italiya, gidan sarautar Medici na birnin Florence ne suka yi fice. A 1538 Cosimo na Ɗaya ya sa aka fara tsara lambun gidansa na Castello, kuma har yau akwai tukwanen lemo kusan 500 a wurin, wasu daga zuriyar tsofaffin itatuwan gidan. Tukwanen na yumɓu ne gasasshe, dangin randunanmu, masu huji a ƙasa. Idan hunturu ya ƙarato a kwashe su a kai wani dogon ɗaki mai manyan tagogi, idan ɗumi ya dawo a fito da su.

A Faransa, Sarki Louis na 14 ya sa aka gina wa lemo gida na kansa a fadar Versailles tsakanin 1684 da 1686. Babban zauren ya fi mita 150 tsawo. Itatuwan suna cikin akwatuna na katako da ƙarfe waɗanda ake iya buɗe gefensu. Dalilin buɗe gefen shi ne a duba saiwa, a datse wadda ta yi yawa, a sauya ƙasa, ba tare da an tumɓuke bishiyar ba. Yau ma akwai itatuwa fiye da 1,000 a wurin, wasu sun haura shekara 100 a cikin akwati.

Darasin da masu lambun sarakunan suka bar mana shi ne, tukunya kaɗai ba ta isa ba. Bishiyar da ke cikinta ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemi abinci. Abin da ka ba ta shi ne abincinta. Idan ba a sauya ƙasa ana rage saiwa lokaci lokaci ba, za ta shaƙe kanta ta daina 'ya'ya.

Yadda aure ya zama dole

Duk wanda ya san mangwaro ɗan aure ya san abin da muke nufi. Ana yanko ido ko ɗan reshe daga bishiya mai kyawawan 'ya'ya, a tsaga ɓawon wani dashe a saka, a ɗaure har su haɗe. Sama na wata bishiya, gindi na wata. Sinawa sun daɗe da sanin wannan. A 1178 wani gwamna mai suna Han Yanzhi ya rubuta littafi sukutum a kan lemo, ya bayyana iri 27 da yadda ake aurar da su. A Andalus ma, Ibn Al'awwam na birnin Ishbiliya ya yi dogon bayani kan aurar da itatuwa a littafinsa Kitabul Filaha, a ƙarni na 12.

Amma har zuwa ƙarni na 19 gonakin lemo da yawa a duniya daga iri ake shuka su. Abin da ya sauya haka cuta ce. Cikin shekarun 1830 wata cutar ruɓewar gindi ta ɓulla a tsibiran Azores, daga nan ta bazu zuwa ƙasashen Bahar Rum da sauran wurare. Gindin bishiya ya riƙa tsatsar da ƙaro, ɓawo ya ruɓe ya zagaye, bishiya ta bushe a tsaye. Manoma suka lura cewa lemo mai ɗaci ba ya kamuwa sosai. Sai kowa ya koma aurar da lemonsa a kan gindin mai ɗaci. A hankali, gonaki masu yawa a Sifen, Italiya, Amurka ta Kudu da Kalifoniya suka koma gindi ɗaya suke tsaye a kai. An yi maganin wata cuta, amma an buɗe ƙofa ga wadda ta fi ta.

Frank Meyer da tukunyar Beijin

Ɗaya daga cikin manyan lemun tsamin da aka fi dasawa a tukunya yau sunansa Meyer. Sunan wani mutum ne, Frank Meyer, haifaffen Amsterdam ta ƙasar Holan a 1875, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1901. A 1905 ma'aikatar gona ta Amurka ta ɗauke shi aikin yawon neman tsirrai masu amfani a Asiya. Ya yi tafiya huɗu, mafi yawa a ƙafa, ya aika da tsirrai kusan 2,500.

A 1908, a kusa da Beijin, ya ga wani ɗan lemun tsami da mutanen gari ke ajiyewa a tukwane a tsakar gida don ado. Bishiyar ba ta da tsawo, ƙayarta kaɗan, tana fure tun tana ƙarama, 'ya'yanta masu ruwa ne kuma tsaminsu bai kai na sauran ba, domin akwai jinin lemun zaƙi a jikinta. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Manoman Sin ne suka rene ta shekaru masu yawa, shi dai ya ɗauko ta aka sa mata sunansa. Ya rasu a 1918 a kogin Yangtze, yana kan tafiyarsa ta huɗu, bai ga yadda ta cika gidajen Kalifoniya ba.

Sai cikin shekarun 1940 aka gano cewa yawancin itatuwan Meyer na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna tristeza. Ita Meyer ba ta nuna alamar komai, ganyenta kore shar, tana ta 'ya'ya. Amma ƙananan ƙwarin nan da manomanmu ke kira darɓa suna tsotsar ta su koma kan lemon gona su zuba masa. Lemun zaƙin da aka aurar a kan gindin mai ɗaci kuwa, da zarar ta kama shi sai mahaɗar auren ta toshe, abinci ya daina sauka zuwa saiwa, bishiya ta mutu.

Sunan tristeza ma'anarsa baƙin ciki a harshen Fotugal da Sifen, kuma manoman Amurka ta Kudu ne suka raɗa mata. Ta ɓarke a Ajantina a farkon shekarun 1930, ta shiga Brazil a 1937. Masana sun ƙiyasta cewa ta kashe itatuwa kusan miliyan 100 a duniya. Abin lura shi ne, wannan cuta ba ta bin iri. Muddin iri ake ɗauka a jirgin ruwa mai tafiyar watanni, kamar yadda Kolumbus ya kai irin lemo tsibirin Hispaniola a 1493, cutar tana baya. Da jiragen ruwa masu inji suka zo, aka kuma ƙera akwatin gilashi na ɗaukar tsiro da ransa, sai aka fara safarar dashe da rassa daga nahiya zuwa nahiya. Nan cutar ta samu abin hawa.

Yammacin Afirka bai tsira ba. A Gana, yankin Asebu kusa da Cape Coast ya shahara da gonakin ƙaramin lemun tsami, ana matse ruwansa ana kai wa Ingila. Daga ƙarshen shekarun 1930 itatuwan suka fara bushewa daga sama. A 1949 masu bincike biyu, Hughes da Lister, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce darɓa ke yaɗawa, daga baya aka tabbatar tristeza ce. Ƙaramin lemun tsamin namu na cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa da ita, har masana na amfani da shi wajen gwaji. Idan ana zargin wata bishiya, sai a aura idonta a jikinsa a jira a ga ko ganyensa zai nuna alama.

A Kalifoniya dole aka sare itatuwan Meyer masu yawa don a ceci gonaki. Cikin shekarun 1950 wani gidan renon dashe mai suna Four Winds Growers, na iyalan Dillon, ya samu wata Meyer da ba ta ɗauke da cutar. Bayan dogon gwaji, Jami'ar Kalifoniya ta fitar da tsaftatacciyar Meyer ga jama'a a 1975. Daga gano cutar zuwa gyara ɓarnar an ɗauki kimanin shekara 30.

Gindin da ke hana tsawo

Shi wannan gida na Dillon, bayan yaƙin duniya na biyu, yana cikin waɗanda suka fara sana'ar gajeren lemo kamar yadda muka san shi yau. Lokacin birane na faɗaɗa, filayen gidaje na ƙanƙancewa. Suka riƙa gwada aurar da lemo iri iri a kan gindi daban daban, suna neman gindin da zai rage tsawon bishiya amma ya bar 'ya'yan da girmansu.

Gindin da ya fi suna a wannan aiki ana kiransa Flying Dragon. Wani ɗan uwan lemo ne mai ganye uku uku, rassansa a murɗe, ƙayarsa a lanƙwashe kamar ƙugiya. A Japan don ado ake ajiye shi. Masanin tsirrai Walter Swingle ya kai shi Amurka a 1915, amma sai wajen shekarun 1970 masu bincike a Riverside ta Kalifoniya suka tabbatar da cewa lemon da aka aura a kansa yana tsayawa gajere ƙwarai, mutum na tsaye a ƙasa ya tsinke na can sama.

A nan ne maganar iri a leda take rushewa. Gajartar tana cikin gindi, 'ya'yan kuma daga sama suke fitowa. Idan ka cire iri daga ɗan wannan bishiya ka shuka, babu abin da ya gada daga gindin. Zai tashi da tsawonsa da ƙayarsa, kuma babban lemun tsami na iri yakan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ya yi fure. Irin Meyer ma ba ya dawo da uwarsa daidai. Ban da haka, shi Flying Dragon ɗan ƙasar sanyi ne, ba ya son ƙasa mai kanwa ko gishiri, kuma akwai lemun tsamin da aurensu ba ya ɗorewa, kamar wanda ake kira Eureka. Abin da ya yi kyau a Kalifoniya sai an gwada shi a Legas kafin a yi masa shaida.

Lemo a ƙasarmu

Lemun tsami ya shigo mana ta ƙofa biyu. Ta arewa ya biyo hanyoyin Sahara tare da sunansa na Larabci. Bature Clapperton, da ya bi ta Katsina a 1824, ya ambaci lemun tsami cikin 'ya'yan itatuwan garin, tare da ɓaure da rumman. Ta kudu kuma jiragen Fotugal da na sauran Turawa sun kawo lemo gaɓar teku. A 1887 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta, inda ake renon dashe ana raba wa manoma. Ɗaya daga cikin lemun zaƙin da manoman Najeriya suka fi sani har yau sunansa Agege 1, sunan garin da kakanninmu suka sauka don cinikin goro. Jihar Binuwai kuma ita ce kan gaba wajen noman lemo, daga can motoci ke lodi zuwa kasuwannin Kudu da Arewa, kuma 'yan uwanmu ne da yawa ke fere shi a baro.

A 1975 aka kafa cibiyar binciken 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a Ibadan, wadda ta zama NIHORT a 1976. Tana Idi-Ishin, ba nisa da Sabo, kuma tana da rassa a Mbato ta jihar Imo, Bagauda ta Kano da Dadin Kowa ta Gombe. Gindin da aka fi aurar da lemo a kai a ƙasar nan su ne tanjarin ɗin da ake kira Cleopatra da wani lemun tsami mai kaushin ɓawo. Ba masu gajarta bishiya ba ne sosai, amma sun saba da ƙasarmu kuma suna jure tristeza.

Akwai sabuwar barazana da ya kamata kowa ya sani. A 2020 masu bincike suka ba da rahoton ganin wani ɗan ƙwaro ɗan asalin Asiya a kan lemo a jihar Oyo. Shi ne ke yaɗa cutar da ake kira huanglongbing, wadda har yau ba ta da magani. An gano ta a Florida a 2005. Jihar da ta tsinki akwatin lemo miliyan 242 a kakar 2003 zuwa 2004 ta dawo ƙasa da miliyan 20 a kakar 2022 zuwa 2023, cutar da guguwa sun haɗu sun durƙusar da ita. Wannan cuta ma a jikin dashe take tafiya, kuma bishiya na iya ɗauke da ita watanni ba ta nuna ba, kamar yadda Meyer ta yi.

Mu kuwa mutanen hanya ne. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, aikinmu ke nan, shanu su gangaro, goro ya haura. Kowace sallah motoci na cika da mu da tsarabarmu. Dashe ɗaya mai cuta da aka sa a bayan mota daga Kudu zai iya kwana a wani lambu a Zariya ko Gombe, kusa da gonar da wani ke ci da iyalinsa.

Abin da za mu ɗauka

Kada mu sayi irin gajeren lemo a leda. Araha ba ta ado, kuma asarar shekaru ta fi asarar kuɗin ciwo. Mu nemi dashe ɗan aure daga wurin da za mu iya komawa mu yi ƙorafi, NIHORT ko gandun reno na ma'aikatar gona ko wani sanannen mai reno. Mu duba mahaɗar auren da idonmu, ɗan gwiwa ne ko tabo a ƙasan kara. Mu tambayi sunan na sama da sunan gindi. Mai sayarwar da bai san su ba, bai san abin da yake sayarwa ba. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa uku.

Wanda ƙaramin lemun tsami yake so yana da sauƙi. Shi dama ba dogo ba ne, yana son zafinmu, irinsa yakan dawo da uwarsa, kuma yakan yi 'ya'ya cikin shekara uku zuwa biyar. Ana kuma iya kankare ɓawon reshe mai kaurin fensir a zagaye, a naɗe wurin da danshin ƙasa ko garin katako a cikin leda, bayan wata biyu saiwa ta fito a yanke a dasa. Sai dai duk cutar da uwar take da ita, reshen ya ɗauko ta.

Tukunya a fara da bokitin lita 20, daga baya a koma rabin duro, wanda ba a taɓa zuba guba ko man inji a ciki ba. A huda ƙasansa da kyau, a ɗora a kan bulo. A haɗa baƙar ƙasa da yashi da taki ruɓaɓɓe. Ruwan saman Kudu ya fi fari haɗari ga lemo, domin cutar ruɓewar gindin nan ta ƙarni na 19 tana nan, kuma a ƙasa mai kwantar da ruwa take kamawa. Kada a binne mahaɗar aure, ta zauna sama da ƙasa kamar taƙi guda. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a cire shi, na gindi ne, idan aka bar shi zai rinjayi na sama.

Yana son rana awa shida zuwa takwas. A soka yatsa a ƙasa kafin a ba shi ruwa, idan da danshi a bari, amma lokacin hunturu a ƙara lura. Taki kaɗan kaɗan akai akai ya fi mai yawa lokaci ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara datse kansa tun yana ƙarami, a bar rassa uku ko huɗu. 'Ya'yan shekarar farko a tsinke yawancinsu, ko da zuciya ba ta so, don bishiya ta yi ƙarfi. Bayan shekara biyu ko uku a zare ta daga tukunya, a rage saiwar da ta nannaɗe, a sa sabuwar ƙasa, kamar yadda ake yi a Versailles. Kada a damu idan ɗan ya nuna amma bai yi ruwan ɗorawa kamar na hoto ba. Sanyin dare ne ke sauya launin ɓawo, shi ya sa lemun zaƙin Kudu yake nuna yana kore.

Na ƙarshe, kada mu ɗauki dashen lemo ko reshensa daga wannan yanki zuwa wancan, kada kuma mu sa wani ya ɓoyo mana shi a jaka daga Saudiyya ko Dubai ko Sin. Shigo da tsiro daga waje sai da izinin hukumar NAQS. Wanda yake son dasawa a gida ya saya a can gida, Bagauda da Dadin Kowa suna nan. Idan ganye ya fara yin rawaya dabbare dabbare, gefe ɗaya bai yi daidai da ɗaya ba, 'ya'ya suna fitowa a karkace, a nuna wa malamin gona kafin a ba maƙwabci reshe.

Ranar da wa'adin haya ya cika, mai tukunya zai sa a ɗora masa bishiyarsa a mota tare da katifa da tukwanen girki, ya sauke ta a sabuwar baranda, kamar yadda 'yan dakon Alƙahira suke yi. Duk wanda ya riga ya gwada a cikinmu, ya faɗa mana irin da ya dasa, garin da yake, da shekarar da ya fara tsinka, don na baya su amfana.

Allah Ya sa albarka a abin da muka dasa, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.